Ina Katsina, waya ta ce ina Legas: me sakamakon duba adireshin IP yake nufi?

Wani ɗalibi daga Katsina ya aiko da wannan tambaya: "Kawu, ina gaisuwa. Na shiga wani shafi da ke nuna wa mutum adireshinsa na IP, sai ya ce wai ina Legas, alhali ina zaune a ɗakinmu. Na buɗe Incognito na sake dubawa, lambar ba ta canza ba. Da na kunna VPN kuma sai ya ce ina Holan, ya rubuta sunan wani kamfani da ban taɓa ji ba. Shin yanzu na ɓuya ke nan? Sannan akwai wanda ya yi mini barazana cewa yana da IP ɗina, zai zo har ƙofar gidanmu. Zai iya?"

Ina amsawa, ɗana, kuma na ji daɗin tambayar nan. Ba ka tsaya ga jita-jita ba, ka gwada da hannunka, ka lura da abin da ya canza da wanda bai canza ba. Wayarka lafiyarta ƙalau, kuma duk abin da ka gani yana da dalili. Bari mu bi su a hankali.

Duk na'urar da za ta nemi wani abu a intanet, dole ta faɗi inda za a mayar mata da amsa. Wannan wurin mayar da amsa shi ne adireshin IP. Tsohon samfurinsa, wanda ake kira IPv4, lambobi ne rukuni huɗu da ɗigo a tsakaninsu, kowane rukuni daga 0 zuwa 255, kamar a ce 203.0.113.25. Sabon samfurin, IPv6, dogo ne, ya haɗa lambobi da haruffa, ana raba su da alamar ruwa biyu. Shafin da ka shiga bai leƙa cikin wayarka ba. Saƙonka ne ya isa gare shi ɗauke da adireshin mayar da amsa, shi kuma ya karanta maka abin da ya gani, kamar yadda kowane shafi da ka taɓa buɗewa yake gani ko da bai gaya maka ba.

Ka tambayi iyayenka yadda ake aika wasiƙa a zamaninsu. Ƙauye guda sukutum akwatin gidan waya ɗaya suke amfani da shi, galibi na makarantar firamare ko na ofishin hakimi. Wanda wasiƙar ta je wa a Jos yana ganin lambar akwati da sunan garin da gidan wayar yake. Bai san ƙofar gidan marubucin ba, kuma mai yiwuwa ƙauyen marubucin yana da nisan tafiyar wuni daga garin da aka rubuta. Wanda yake ɗauko wasiƙu ya raba su, shi kaɗai ya san wace ce ta wa. Adireshin da ka gani shi ne wannan akwati, kamfanin layinka kuma shi ne mai rabawa.

Dalilin tarayya a kan lamba ɗaya shi ne ƙaranci. Duka adireshin da IPv4 zai iya samarwa wajen biliyan 4.3 ne, mutanen duniya kuwa sun haura biliyan 8, wani ma da waya biyu da kwamfuta. Hukumar IANA mai riƙe da babban rumbun lambobin ta raba na ƙarshe da ke hannunta a watan Fabrairun 2011. Saboda haka kamfanonin waya sukan tara masu layi da yawa a bayan adireshi ɗaya. In ka shiga saitin wayarka za ka iya tarar da wata lamba dabam, mai farawa da 10, ko 100, ko 192.168 in kana kan Wi-Fi. Wannan ta cikin gida ce, tsakaninka da kamfani ko na'urar Wi-Fi, ba ta fita waje. Kuma wadda take fita wajen ma ba taka ba ce ta dindindin. Kashe data ka kunna, ko ka sa waya a yanayin jirgin sama na ɗan lokaci ka cire, sau da yawa za ka ga an ba ka wata.

To mu koma kan layukan da shafin ya jera maka, domin ba duka ne nauyinsu ɗaya ba. Akwai na tabbas, akwai na kintace.

Layin da aka rubuta ISP ko Organization, wato kamfanin da ke ba da intanet ko mai riƙe da lambar, shi ne mafi inganci. Duniya tana da hukumomi biyar masu rajistar waɗannan lambobi. Ta Afirka ita ce AFRINIC, mai mazauni a tsibirin Morishus. Ta Turai da Gabas ta Tsakiya ita ce RIPE NCC da ke Amsterdam. Kowane kamfani da aka ba shi jerin lambobi, sunansa yana cikin rajista, kuma rajistar a buɗe take ga kowa. Kusa da wannan layi za ka ga ASN, haruffan AS da wasu lambobi a bayansu. Lambar shaidar babbar hanyar sadarwa ce gaba ɗayanta, misali ta Google ita ce AS15169. In an rubuta maka MTN ko Airtel ko Glo a nan, ka yarda, ta hannunsu saƙonka ya fita.

Layin ƙasa da jiha da gari kuwa, a nan ake samun ruɗani. Babu sunan gari a cikin lambar IP, babu kuma wata hukuma da take rubuta cewa lamba kaza tana unguwa kaza. Wasu kamfanoni ne, irin su MaxMind na Amurka da IP2Location na Malesiya, suka mai da kintacen wurin sana'a. Suna duba adireshin ofishin da ke cikin rajista, su auna hanyar da saƙo yake bi da lokacin da yake ɗauka, su haɗa da abin da kamfanonin sadarwa suka sanar da su, sannan su sayar da jadawalin ga masu shafuka. A kan ƙasa galibi suna dacewa. A kan gari suna yawan kuskure, musamman ga mai amfani da datar waya. Shi ya sa in ka duba a shafuka biyu a lokaci ɗaya, wannan zai iya cewa Legas, wancan ya ce Abuja. Jadawalinsu ne ya bambanta.

Me ya sa Legas? Domin can ce babbar ƙofar intanet ta Najeriya. Manyan wayoyin da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku a can suke sauka: MainOne da Glo-1 a 2010, WACS a 2012, Equiano na Google a 2022. Hedikwatar MTN da Airtel da Glo a Najeriya duk a can suke. Saƙon da ya tashi daga wayarka a Katsina yakan bi cikin hanyoyin kamfani har sai ya kai wata babbar mahaɗa kafin ya fita duniya, mai kintace kuma mahaɗar yake gani ko ofishin da aka yi rajista da shi. Ɗan'uwanka da ke Maraɗi ko Damagaram ba mamaki shi ma a ce masa yana Yamai.

Ɗan jan ɗigon nan da wasu shafuka suke sakawa a taswira, da lambobin da ke ƙarƙashinsa masu kama da na GPS, shi ne abin da ya fi ba ni tsoro a cikin sakamakon duka, saboda yana sa kintace ya yi kama da tabbas. In mai jadawali ya ce Legas, sai ya dasa ɗigon a wani wuri a tsakiyar gari. In ƙasa kawai ya sani, sai ya dasa shi a tsakiyar ƙasar. Akwai abin da ya faru a Amurka da ya kamata kowa ya sani. MaxMind ya zaɓi wani wuri kusa da tsakiyar ƙasar, digiri 38 arewa da 97 yamma, a matsayin inda zai riƙa nunawa duk lokacin da bai san garin ba. Ashe wurin ya faɗa daidai harabar wani gidan gona kusa da ƙauyen Potwin a jihar Kansas. Adireshin IP sama da miliyan 600 suka zama wai a gidan nan suke. Shekara da shekaru mutanen gidan suna ganin 'yan sanda da jami'an FBI da waɗanda aka damfara suna sallama a ƙofarsu, wannan yana neman motar da aka sace, wancan yana neman yaron da ya ɓata, su kuwa ba su san hawa ba, ba su san sauka ba. Sai a 2016 'yar jarida Kashmir Hill ta bi diddigi ta gano tushen abin, daga nan kamfanin ya mayar da ɗigon tsakiyar wani tafki. Ina ba ka wannan labari ne don ka riƙe abu biyu: kada ɗigon ya firgita ka in ya faɗo kusa da ku, kuma kada ka taɓa zargin wani bawan Allah saboda ɗigo ya nuna gidansa.

Batun Incognito ba shi da tsawo. Aikinsa a cikin wayarka yake ƙarewa. In ka rufe shi, burauza, wato manhajar da kake buɗe shafuka da ita, ba ta ajiye tarihin inda ka shiga, ba ta riƙe 'yan alamun da shafuka ke bari don su gane ka gobe. Ƙanenka da ya ari wayar ba zai ga me ka duba ba. Amma hanyar da saƙo yake bi tana nan yadda take, don haka lambar ba ta canza ba. Ba kai kaɗai ka ɗauka ya wuce haka ba. A 2020 wasu masu amfani da Chrome sun kai Google ƙara a Kaliforniya a kan bayanan da aka tattara suna cikin Incognito, a 2024 kuma kamfanin ya amince zai goge biliyoyin bayanai, ya kuma ƙara fayyace gargaɗin da ke fitowa in an buɗe shi.

VPN dabam ne. Shi yana naɗe saƙonka a rufe, ya kai shi wata babbar kwamfuta ta kamfanin VPN a wata ƙasa, daga can a buɗe a miƙa wa shafin da kake nema. Shafin yana ganin adireshin waccan kwamfuta. Da yawa daga cikinmu mun fara saninsa ne lokacin da gwamnati ta dakatar da Twitter a Najeriya, daga watan Yunin 2021 zuwa Janairun 2022. Holan da ka gani, nan ne kwamfutar take ko nan jadawali ya ce take. Baƙon sunan kuma na kamfanin da ke ba da hayar kwamfutoci ne, domin masu VPN da yawa ba su da gine-ginen kansu, haya suke yi a wurin irin su M247 ko DigitalOcean ko OVH. Wani lokaci ka zaɓi Faransa a manhaja, sakamako ya ce Jamus. Wannan ba lallai matsala ba ce. Ana saye da sayar da jerin lambobi, ana ba da hayarsu, jadawalin masu kintace kuma yakan makara kafin ya sabunta.

Ka duba ƙasa-ƙasa, wasu shafukan suna da layin da ke cewa Hosting ko Proxy ko VPN, da "eh" ko "a'a" a gabansa. In ya ce eh, ma'anarsa sun gane lambar ta gidan ajiyar kwamfutoci ce, ba ta layin mutum ba. Wato shafin bai san kai wane ne ba, amma ya san ka biyo ta hannun wani. Dalili ke nan da manhajar banki takan ƙi buɗewa in VPN na kunne, wasu shafukan kuma su yi ta sa ka zaɓar hotunan motoci don ka nuna kai mutum ne.

To, ka ɓuya? Ga shafin da ka shiga, adireshinka na asali ya ɓuya. Ga kamfanin layinka, sunayen shafukan da kake shiga sun ɓuya, amma ya san kana amfani da VPN, ya san lokaci da yawan data. Ga mai VPN kuwa ba ka ɓuya ba ko kaɗan: yana ganin inda ka fito, yana ganin inda ka nufa. Amanar da take hannun kamfanin waya ce ka ɗauka ka ba wani. A 2017, a shari'ar wani mutum da ya addabi wata mata ta intanet a Amurka, takardun kotu sun nuna cewa bayanan kamfanin PureVPN sun taimaka wa FBI wajen gano shi, alhali kamfanin yana tallar cewa ba ya ajiye bayanan masu amfani da shi. Kama mai cutar da mutane alheri ne, amma labarin ya nuna maka nauyin alkawarin talla. Ni a ganina, VPN na kyauta da ba ka san mai shi ba ya fi zama babu haɗari, domin hayar kwamfutocin nan kuɗi ake biya, kuma in ba kai kake biya ba, sai ka tambayi kanka da me ake biya.

Akwai kuma yoyo, wato VPN na kunne amma wani ɓangare na saƙonka yana bin tsohuwar hanya. Ga yadda za ka gwada. Kafin ka kunna, rubuta lambarka da sunan kamfanin da aka nuna. Bayan ka kunna, nemi shafin da ke nuna cikakken sakamako, ka duba ko sunan kamfanin layinka ya rage a wani layi. Wuri na farko shi ne DNS, tsarin da ke juya sunan shafi zuwa lamba duk lokacin da ka rubuta suna a burauza. In IP ya ce Holan amma layin DNS ya nuna kamfanin layinka, to har yanzu yana ganin sunayen shafukan da kake nema. In Google ko Cloudflare ka gani a wurin, ba lallai yoyo ba ne, wasu masu VPN da su suke aiki. Wuri na biyu shi ne WebRTC, fasahar da ke ba burauza damar kiran murya da bidiyo kai tsaye, wadda tun 2015 aka nuna tana iya tona adireshin asali. Na uku shi ne IPv6: wasu manhajojin suna rufe tsohon samfuri su bar sabon a buɗe. In ka sami yoyo, duba saitin manhajar ko ka sauya ta. Kuma ka kunna abin da ke yanke intanet baki ɗaya in VPN ya katse, domin a wurin da sabis ke zuwa yana ɗaukewa, daƙiƙa kaɗan sun isa adireshinka ya fita.

Ba ka ambaci Tor ba, amma nan gaba za ka ci karo da ita. Ita ba ta dogara da kamfani ɗaya ba. Saƙo yana bin kwamfutoci uku na 'yan sa kai: ta farko ta san ka amma ba ta san inda ka nufa ba, ta ƙarshe ta san inda aka nufa amma ba ta san ka ba, ta tsakiya ba ta san ko ɗaya ba. An faro tunaninta a ɗakin bincike na sojan ruwan Amurka a tsakiyar shekarun 1990, yanzu ƙungiyar Tor Project ce ke kula da ita. In ka duba adireshinka ta cikinta, na kwamfutar ƙarshe za ka gani, kuma kowane shafi zai iya ganin ka daga wata ƙasa dabam. Jerin kwamfutocin ƙarshen nan a bayyane yake, don haka sakamakon yakan rubuta maka Tor ƙarara. A Disambar 2013 wani ɗalibin Jami'ar Harvard ya aika saƙon ƙarya na barazanar bam ta Tor don a ɗage jarrabawa. Ba a fasa Tor ba. Jami'ar ta duba waɗanda suka yi amfani da Tor a kan Wi-Fi ɗinta a daidai lokacin, aka kai gare shi cikin ɗan lokaci.

Abin da sakamakon ba zai taɓa nuna maka ba ya fi abin da yake nunawa yawa. In ka kunna VPN sannan ka shiga Facebook da sunanka, ai ka gabatar da kanka da bakinka. In ka ba shafi ko manhaja izinin ganin wurin da kake, GPS ne zai yi magana, shi kuwa ba kintace yake yi ba, yana iya nuna layin gidanku. Ko ba wannan, burauza tana faɗin samfurin wayarka, girman fuskarta, harshen da ka saita da agogon yankinka. Adireshi ya ce Holan, agogo ya ce Legas. Ƙungiyar EFF ta Amurka ta nuna tun 2010 cewa in aka haɗa waɗannan ƙananan bayanai, sukan isa a bambance na'ura ɗaya daga cikin dubbai.

Saura mai barazana. In ma da gaske yana da lambar, mai yiwuwa wani mahaɗi ya turo maka ka latsa, ko ta hanyar kira, domin kiran intanet wani lokaci yakan haɗa wayoyi biyu kai tsaye. WhatsApp ya ƙara wani maɓalli a saitin sirri a 2023 mai ɓoye adireshi yayin kira, ka kunna shi. Saƙon rubutu na yau da kullum ta kwamfutocin kamfani yake bi, ba ya ba abokin hira adireshinka. Abin da mutumin nan zai gani in ya duba lambar, shi ne daidai abin da ka gani: sunan kamfanin layi da Legas. Wanda zai iya haɗa lamba da mutum shi ne kamfanin layin, in an ba shi lambar da ainihin lokacin, tunda tun ƙarshen 2020 aka umarci a haɗa kowane layi da lambar NIN. Wannan kuma hanya ce ta hukuma da doka, ba abin da kowa zai buga waya ya tambaya ba.

Sai dai kada wannan ya sa ka yi sakaci da shi. In ya san gidanku, ta wata hanya ya sani: hoton da ka ɗora ana ganin ƙofarku ko allon makarantarku, abokin da kuka yi tarayya, ko abin da ka taɓa faɗa masa a hira. Ka ɗauki hoton saƙonnin barazanar da ranakunsu ka adana, kada ka sake latsa wani abu da ya turo, ka toshe shi, ka sanar da mahaifinka ko wani babba a gida yau ɗin nan. In ya ci gaba ta wata lamba, ko ya ambaci wani abu na gaskiya game da inda kake, ku tafi ofishin 'yan sanda da hotunan a hannu.